Atisayen Kwamanda

Mijina ɗan kwana-kwana ne, kuma a shekarar da nake ba ku labari, wata bakwai aka yi ko tsumma bai ƙone ba a yankin da ofishinsu ke kula da shi. Kowa yana godiya, har da shi, sai dai tasa godiyar iyakarta baki. Kullum zai tafi aiki ya goge jar motarsu, ya warware mesar ruwa ya sake naɗe ta, ya dawo gida da ƙarfinsa cif, ko taɓa shi bai yi ba. Namijin da ya saba jiran bala'i kuwa, in bala'in ya ƙi zuwa, a kan iyalinsa yake sauke shirin.

A gidan benen da muke haya, Kwamanda ake ce masa. Ba kwamanda ba ne, akwai mutum huɗu a samansa kafin a kai ga kwamandan. Amma tun ranar da ya tara mutanen gidan ya koya musu kashe wutar tukunyar gas da jiƙaƙƙen bargo sunan ya bi shi, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

'Ya'yanmu uku. Babbar muna ce mata Lauya, shekararta goma sha uku, ko aikenta ka yi sai ta nemi hujja. Mai bi mata namiji ne, Sannu-sannu, wanda zai iya cin minti goma yana kallon safa ɗaya kafin ya yanke shawarar ƙafar da zai fara sa wa. Sai Auta, 'yar shekara biyar, wadda a wannan zangon za ta fara shiga makaranta. Ni kuma a kantin magani nake aiki, ƙarfe tara nake buɗewa. Shekara bakwai ina fitar da yara makaranta ni kaɗai, da ihu da laluben takalmi a ƙarƙashin gado, kuma dai suna zuwa. Wani lokacin a makare, amma suna zuwa.

Saura mako biyu a koma makaranta ya shigo da yamma ya ce ya karɓi hutunsa na shekara.

"Hutu?" na ce. "Ina za mu?"

"Babu inda za mu. Gidan nan zan gyara. Maman yara, ba a fafe gora ranar tafiya. Bara da idona na ga yaron nan yana gudu a titi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, muna wucewa a mota ni da abokan aikina. Suka ce, 'Wancan ba naka ba ne?' Na ce ban gane shi ba."

"To ai ya isa makarantar."

"Bana ni zan riƙe ragamar. Ke dai ki huta."

Tun da aka yi mana aure ban taɓa gajiya irin ta wannan hutun da aka ba ni ba.

Washegari na dawo daga aiki na tarar ya buga ƙusoshi uku a bangon bayan ƙofa, kowace daidai tsayin mai ita, jakunkuna na rataye. Takalma ya jera su a ƙasa bakinsu na kallon waje, wai kada yaro ya ɓata lokaci wajen juya su. Ya shiga kicin ya sauya wa komai wuri bisa abin da ya kira tsarin hannu: abin da za a fara buƙata da safe a dama, na ƙarshe a hagu. Kwana uku ina tace shayi da murfin tukunya don na rasa inda matacin ya shiga. Da na tambaya ya ce yana inda hankali zai kai mutum. Nawa hankalin bai kai ni ba.

Banɗaki ɗaya gare mu, mu biyar. Ya liƙa takarda a ƙofarsa, kowa da mintunansa. Lauya ta tsaya ta karanta, hannu a ƙugu.

"Baba, ni da Sannu-sannu minti shida-shida? Shi kansa kamar ƙwai, ni kuma ina da gashi."

"Doka ba ta san gashi ba."

"To kai me ya sa ka rubuta wa kanka takwas?"

"Ina da gemu."

"Au, ashe doka ta san gemu."

Ya dube ni, ni kuma na dubi silin. Kafin yamma ta samu bakwai.

Sai maganar kayan makaranta. Telan da shagonsa ke ƙasan benenmu mutum ne da bai taɓa ce wa kowa a'a ba, bai kuma taɓa gama ɗinki ranar da ya faɗa ba. Duk gidan da rabin layin a wurinsa suka kai yadi. Kwamanda ya ɗauki kujera ya je ya zauna masa a shago yini biyu, yana ba shi labarin gobarar da dutsen guga ke jawowa a shagunan teloli, da sunayen waɗanda suka rasa kekunansu. Rana ta uku Tela ya aiko mana da fararen riguna uku a goge, ya ce a gaya wa Kwamanda ba sai ya sauko ba.

Ranar Lahadi, saura kwana takwas a koma, ya tara mu a falo.

"Gobe atisaye," ya ce. "Za a yi komai kamar ranar ce ta zo. Wanka, kalaci, kayan makaranta, jaka, gorar ruwa, har ƙofar makaranta a ƙafa. Kuma in ana atisaye ba a tsayawa gaisuwa. Kowa ya yi muku magana a hanya, ku yi kamar da bango yake."

"Makarantar da take rufe za mu je?" in ji Lauya.

"Mu ma a wurin aiki wutar da babu ita muke kashewa duk Laraba."

Na ce, "Maigida, ko a faɗa wa maƙwabta?"

"Me ya shafe su? Gidana nake gwadawa."

Ƙarfe biyar da rabi usur ya tashe mu. Gaskiya ɗaya ce, abin ya tafi daidai. Lauya ta fito daga banɗaki da kumfa a bayan kunne amma cikin mintunanta. Sannu-sannu, da ubansa ya tsaya a kansa da agogo, ya sa safa biyu ba tare da ya yi shawara da su ba. Auta kuwa tun kafin a ce ta tashi ta tashi, don ita ta ɗauka da gaske ne. An gaya mata atisaye ne, ta ce to, ta ɗauka sunan ajinsu kenan. Bakwai saura minti biyu suka fita, shi a gaba, su a baya kamar 'ya'yan agwagwa. Ni na tsaya a bakin matakala da kofin shayina. A hawa na uku muke, duk abin da aka faɗa a ƙasa kunnena yake zuwa.

A hawa na biyu Matar Direba take, ita da 'ya'yanta huɗu, mijinta yana hanya da babbar mota. Tana sharar ƙofarta suka sauko.

"Kwamanda, ina kwana? A'a! Yau ake komawa?"

Doka ta hana magana. Amma shi mutum ne mai kunya, ba zai wuce matar maƙwabci kamar bai ji ba. Sai ya raba gardama, ya nuna mata agogonsa ya ce, "Lokaci na tafiya," ya yi gaba.

Na ji faɗuwar tsintsiya.

"Ku tashi! Ku tashi, mun shiga uku! Yau ce!"

Ban taɓa sanin gidan nan yana da yara masu yawa haka ba sai ranar. Ƙofofi suka riƙa buɗewa. Wani ya leƙo ya ce ba mako mai zuwa ba ne? Aka ce masa Kwamanda ya riga ya fita da nasa cikin kayan makaranta, kai ne za ka fi Kwamanda sanin rana? Kafin minti goma mutum uku sun rantse sun ga saƙon sauya ranar a waya, sai dai kowa a wayar wani ya gani. Famfon tsakar gida ya cika da yara ana cuɗa su bibbiyu. Mai askin layinmu, da ko buɗe shago bai yi ba, aka fito da shi da buroshi a baki, ya kafa kujera a bakin titi yana aske kawuna kamar mai girbi.

Na koma baranda na leƙa ƙasa. Mata sun yi wa shagon Tela zobe. Shi kansa ya yarda ranar ce, yana ta salati yana miƙa riguna ta taga, wata ba hannu, wata ba maɓalli, wata alli ne kawai a jikinta. Wani yaro ya fito da wandon da aka riƙe da allura huɗu, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu.

A nan ya kamata in faɗi laifina. Ina tsaye a sama, ina da baki, na kuma san gaskiya. Na kira. Na ce, "Jama'a, ba yau ba ce." Amma ban ce da ƙarfi ba. Matar Direba ce bara ta tare ni a matakala ta ce, "Maƙwabciya, 'ya'yanki kuwa suna samun darasin farko?" Yanzu ga ta can tana bin ɗanta da takalmi ɗaya a hannu, ɗankwali a wuya. Na ƙarasa shayina tukuna. Da na ga abin ya wuce gidanmu ya kama gidan da ke kallonmu, har wata motar haya ta tsaya ana cusa yara, sai na ajiye kofin. Na ja mayafi na bi su.

Makarantar tafiyar minti ashirin ce. Da na isa, Kwamanda yana tsaye a gaban ƙofar ƙarfe mai kwaɗo kamar kan jariri, ya ba titi baya, yana yi wa yaranmu jawabi.

"Bakwai da minti goma sha tara. An yi ƙoƙari. Amma a wajen tsallaka titi mun yi asarar..."

"Baba," in ji Lauya, "juya."

"Kada ki katse ni."

"Baba, don Allah juya."

Ya juya. Yara sun fi talatin a bayansa, da iyaye wajen goma sha biyar, kowa na haki. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Mutumin da ya taɓa shiga ɗaki yana ci da wuta ya fito da tsohuwa a kafaɗa, sai ga shi yana laluben inda zai sa hannuwansa.

Maigadin makarantar ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, singileti a jikinsa, hannunsa duk kumfar wanki.

"Lafiya dai?"

"Buɗe mana, an makara!" in ji Matar Direba.

"Wa ya makara? Sai Litinin ta sama fa. Masu fenti ne kawai a ciki."

Kai ɗaya bayan ɗaya aka riƙa juyowa ana kallon mutum guda.

"Atisaye ne," ya ce. Muryar ba ta Kwamanda ba ce. "Na iyalina ne kawai. Ni ban ce wa kowa yau ce ba."

"Me ka ce mini a matakala?"

"Cewa na yi lokaci na tafiya."

"To?"

"Ai kuma yana tafiya."

Da ba don Shugabar makaranta ta fito ba, ban san inda maganar za ta tsaya ba. Gajeriyar mata ce mai tabarau, ta zo duba masu fenti cikin kayan zaman gida. Ta saurari kowa, ta dubi taron, ta waiga ta dubi filin makaranta inda aka tara bencina da tebura kamar tsauni tun da aka fara fentin. Na ga lokacin da dabarar ta faɗo mata, don har tabarau ta gyara.

"Iyaye, ban taɓa ganin himma irin wannan ba," ta ce. "Tunda Allah ya kawo ku, kada ku koma hannu rabbana. Azuzuwa shida sun bushe. A taimaka a mayar da bencin nan."

Babu wanda ya iya ce mata a'a, domin kowa yana da ɗan da zai zauna a gabanta wata tara. Haka muka yi rabin yini muna jidar katako. Kwamanda ya fi kowa ɗauka, bibbiyu yake sungumar bencina, kansa a ƙasa. Ni na yi waya kanti na ce ina da uzurin iyali, kuma ban yi ƙarya ba.

Azuzuwa shida sun bushe, haka ne. Barandar ce ba ta bushe ba. Auta ta gaji ta jingina da ginshiƙi. Sannu-sannu ya je janyo ta, ya tsaya yana tunanin ta inda zai kama, shi ma ya jingina. Lauya ta je ta raba su da bangon da hannu biyu, sannan ta goge hannun a gaban rigarta. 'Ya'yan maƙwabta duk tsofaffin kaya ne a jikinsu ko waɗanda ba a gama ɗinkawa ba. A duk taron nan, fararen riguna sababbi guda uku ne kacal, kuma su ne suka koma gida shuɗaye.

Makon nan mun ga rayuwa. A matakala in muka yi gaisuwa sai a amsa wa bango. Amma abin da ya fi ci wa Kwamanda rai shi ne, atisayen ya yi aiki, sai dai ba a gidansa ba. Kowa ya gano abin da ya rasa tun da sauran kwana bakwai. Matar Direba ta gano takalman 'ya'yanta biyu sun matse, ta sauya. An yi aski, an sayi littattafai, an nemo jakunkunan da suka ɓace tun zangon bara. Tela, da ya ɗanɗana abin da zai same shi ranar gaskiya, ya rufe kansa a shago ya gama ɗinkin layin gaba ɗaya ranar Juma'a, abin da bai taɓa yi ba tun da ya sayi keke. Da Kwamanda ya sauka da sabon yadi, Tela ya ce masa ta taga, cikin ladabi, sai bayan mako uku, kuma kujerar shagon ta karye.

Don haka ranar Asabar na tarar da mijina a baranda, ya tsuguna gaban baho, yana dirzar riguna da kananzir. Mutumin da ya hana ni ajiye ko kwalba ɗaya a gidan.

"Maigida, kananzir ne fa."

"Na sani."

"A hawa na uku."

"Maman yara, don girman Allah."

Na kawo masa sabulu na zauna muka dirza tare. Fentin ya fita, saura ɗan shuɗi-shuɗi kamar sararin sama da hantsi. Warin ne ya ce yana nan. Mun wanke sau huɗu, mun shanya, amma duk wanda ya matso kusa da rigunan sai ya waiga ya ga ko an bar risho a kunne.

Litinin ta gaskiya ba a busa usur ba. Da hannu ya tashe su, a hankali. Lauya ta yi minti goma sha biyu a banɗaki bai ce uffan ba. Matsalar daga inda ba a zata ba ta ɓullo. Auta ta zauna a tsakiyar gado ta naɗe hannu.

"Ni na riga na je makaranta."

"Wancan gwaji ne, Auta. Yau ce ta gaske."

"Na je. Benci ake ɗauka. Na gama."

Ya lallashe ta, ya yi mata alkawarin alewa, ya kira ta uwata. Ta ce ita ba za ta ƙara ba, bayanta ciwo yake. Daga ƙarshe ya saɓa ta a kafaɗa tana harba ƙafafu, ya buɗe ƙofa.

Yara goma sha ɗaya ne zaune a matakala, tsaf da su, kowa da jakarsa a cinya. Matar Direba na tsaye a bayansu.

"Kwamanda, ina kwana. Mun yi shawara da matan gidan. Tunda kai ka san hanya, ka kuma san lokaci, ga su nan. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka."

Ta ɗan shaƙi iska ta ce, "Wani abu na ƙonewa ne?" Lauya ta ce a'a, su ne.

Haka ya tafi da yara goma sha huɗu, ɗaya a kafaɗa. Ranar Talata suka zama goma sha bakwai, don gidan da ke kallonmu ya ji labari. Ya dawo ya zube a kujera ya ce wani yaro ya tsaya fitsari sau biyu, wata ta yar da gorarta a kwata, biyu sun yi dambe a tsakiyar titi a kan wa zai riƙe masa hannu.

Ranar Laraba da sassafe na ga ya fito da kakinsa yana gogewa.

"Ba saura kwana huɗu hutunka ya ƙare ba?"

"An kira ni. Akwai ƙarancin ma'aikata."

"Gobara aka yi?"

"Ba a jira sai an yi." Bai yarda mun haɗa ido ba. Ƙarfe shida da kwata ya sauka, takalmansa a hannu har ya wuce hawa na biyu.

Bakwai saura biyar aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, ga su nan reras a matakala, wata ƙarama har ta miƙo mini hannu. Na leƙa ƙasa ko zan ga uwar wani, duk ƙofofin a rufe, rediyon Matar Direba na tashi. Na ce su jira in sa takalmi.

Har aka yi hutun ƙarshen zango ni nake kai su. Kantin magani kuma sai tara da kwata nake buɗe shi.